Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa a Matsayin Jagaba Wajen Fiɗar Ƙwaƙwalwa: Bayani da Misali Daga Tambuwal da Kebbe

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana wata hanya ta fiɗar ƙwaƙwalwa wadda ta haɗa kayan aiki iri biyu. Na farko shi ne siririn madubi da ake zurawa cikin kai ta wata 'yar ƙaramar ƙofa. Na biyu kuwa na'ura ce mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, wadda ke nuna wa likita inda bakin madubin ya kai a kowane lokaci. Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa taron malamai da aikin likitocin fiɗa? Me kuma ya haɗa Tambuwal da Kebbe da kayan da ake ƙerawa a Jamus da Amurka?

Amsar ita ce, cutar da aka fi yi wa aiki da madubin nan a Afirka cuta ce ta jarirai, kuma duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu ya taɓa ganinta. Kan jariri ya yi ta girma fiye da kima, maɗiga ta kumbura, idanu su sunkuya ƙasa, har wuya ya kasa ɗaukar kai. Da yawa daga cikin iyaye sukan ɗauka aikin iska ne, wasu har su kira yaron ɗan ruwa, alhali kuwa ruwa ne ya taru cikin ƙwaƙwalwa, kuma akwai hanyar fitar da shi.

Takardar za ta fara da bayanin kalmomi, sa'an nan ta bayyana yadda ruwan yake taruwa. Daga nan za ta kawo tarihin kayan aikin biyu a taƙaice, da yadda ake aiki da su, da inda amfaninsu ya tsaya. A ƙarshe za ta dubi halin da iyalan Tambuwal da Kebbe suke ciki, ta ba da shawara kan abin da ya kamata a fara da shi.

2.0 KALMOMIN DA AKA YI AMFANI DA SU

Tun da yake wannan fanni sabo ne ga Hausa, ya zama dole a amince da wasu kalmomi kafin a shiga bayani.

(a) Madubin leƙe: shi ne likitoci ke kira endoskof. Bututu ne na ƙarfe ko na roba wanda kaurinsa bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba, watau bai kai kaurin fensir ba. Yana ɗauke da fitila, da idon ɗaukar hoto, da wata kafa da ake zura ƙananan kayan aiki ta cikinta.

(b) Ɗakunan ƙwaƙwalwa: wurare ne huɗu a tsakiyar ƙwaƙwalwa waɗanda ruwa ke cike da su. An zaɓi kalmar ɗaki domin ta ba mu damar yin maganar ƙofa da bango da daɓe.

(c) Maɓuɓɓuga: wani tattausan tsiro ne mai yawan jijiyoyin jini a cikin ɗakunan, wanda daga gare shi ne mafi yawan ruwan ke fitowa.

(d) Robar tsiyaya: ita ce shant, siririyar roba mai makulli wadda ake binnewa ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki.

(e) Jagaba: a ayarin fataken Gwanja madugu ne shugaba, amma jagaba ne ke gaba yana nuna hanya, yana sanin mashigi da zango. A wannan takarda likita shi ne madugu, kwamfuta kuwa jagaba ce. Tana nuna hanya, hukunci kuwa yana hannun madugu.

3.0 YADDA RUWA KE TARUWA A ƘWAƘWALWA

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin wani ruwa garai-garai, wanda yake kare ta daga bugu, yake kuma kwashe mata datti. Jikin baligi yana samar da kimanin mililita 500 na wannan ruwa a kowace rana, amma abin da ke cikin kai da gadon baya a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba. Ma'anar wannan ita ce ruwan yana sabuntuwa kusan sau uku a yini, saboda haka dole ne hanyar wucewarsa ta kasance a buɗe.

Hanyar kuwa ga ta. Akwai manyan ɗakuna biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kowannensu yana da ƙaramar ƙofa, wadda ake kira ƙofar Monro, mai shiga ɗaki na uku da ke tsakiya. Daga ɗaki na uku ruwan yakan bi wata matsattsiyar magudana zuwa ɗaki na huɗu, daga nan ya fita ya kewaye ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, sa'an nan jini ya shanye shi. In wani wuri ya toshe a wannan hanya, maɓuɓɓuga ba ta daina aiki, sai ɗakunan su yi ta faɗaɗa suna matse naman ƙwaƙwalwa. Ga baligi, wanda ƙoƙon kansa ya haɗe, abin yakan zo da matsanancin ciwon kai da amai da dushewar gani. Ga jariri kuwa, da yake ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba, sai kan ya yi ta buɗewa.

Dalilan toshewar da suka fi shafarmu uku ne. Na farko, cutar da ƙwayoyi ke jawowa, kamar sanƙarau ko ƙwayar cutar da ta shiga jinin jariri a makonnin farko, sau da yawa ta cibiya. Bayan zazzaɓin ya wuce yakan bar tabo wanda ke toshe hanya. Na biyu, halittar da aka haifi jariri da ita, kamar matsewar magudanar nan, ko buɗaɗɗen gadon baya, wanda ke da nasaba da ƙarancin sinadarin folik a jikin uwa a farkon ciki. Na uku, ƙari wanda ya tsiro ya danne hanyar. Wani ƙiyasi da aka buga a 2018 ya nuna cewa yara kusan 400,000 ne ke kamuwa da wannan cuta a duniya kowace shekara, kuma kashi uku cikin huɗu suna Afirka da Latin Amurka da kudu maso gabashin Asiya.

4.0 TARIHI A TAƘAICE

4.1 Madubin leƙe

A 1910 wani likitan mafitsara a Shikago, Victor Lespinasse, ya zura madubin duba mafitsara cikin kan jarirai biyu ya ƙone maɓuɓɓugarsu. Ɗaya ya rasu nan da nan, ɗayan ya rayu shekara biyar. A 1923 William Mixter na Boston ya yi abin da ya zama tushen aikin yau: ya shiga ɗaki na uku na wata jaririya ya huda daɓensa, ruwan ya sami sabuwar mafita ba tare da ya bi magudanar da ta toshe ba. Sai dai madubai na wancan zamani ba su da isasshen haske, hoton kuma dishi-dishi ne, saboda haka aikin bai yaɗu ba.

A shekarun 1950 sai robar tsiyaya ta fito. Wani maƙerin injuna a yankin Filadelfiya, John Holter, wanda aka haifa masa ɗa da wannan cuta, ya ƙera makulli na roba a 1956, likitoci kuma suka rungume shi. Robar ta ceci rayuka masu yawa, amma tana da aibi: takan toshe, takan tsinke, ƙwayar cuta takan kama ta. Kimanin 40 cikin 100 na robobin da aka sa wa yara sukan lalace cikin shekara biyu na farko, kuma in ta toshe ba a gyara da sauri ba yaro yana iya rasuwa. Wannan aibi, tare da sabon tsarin gilashi da Harold Hopkins na Ingila ya ƙago, wanda kamfanin Karl Storz na Jamus ya shiga ƙerawa a shekarun 1960, su ne suka sa likitoci suka koma wa madubin leƙe.

4.2 Jagaba

Neman hanyar isa wani wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa ta lissafi ya faro ne a Landan a 1908, sa'ad da Victor Horsley da Robert Clarke suka ƙera wani firam na ƙarfe da ake ɗaura wa kan dabba. Ernest Spiegel da Henry Wycis suka yi amfani da irinsa ga mutum a Filadelfiya a 1947, Lars Leksell na Suwidin kuma ya fito da nasa a 1949. Abin da ya rage shi ne taswira mai kyau. An same ta a 1971, lokacin da aka ɗauki hoton CT na farko na kan majinyaci a Landan da na'urar Godfrey Hounsfield, daga baya kuma hoton MRI ya biyo. A 1986 David Roberts na Dartmouth a Amurka ya nuna cewa ana iya haɗa hoton da kan majinyaci ta hanyar kwamfuta ba tare da firam ba. A 1987 Eiju Watanabe na Tokyo ya ƙera wani hannu na ƙarfe mai gaɓoɓi wanda kwamfuta ke bin motsinsa. Daga waɗannan biyu ne na'urorin yau suka samo asali.

4.3 Gudummawar Afirka

A Nijeriya, Latunde Odeku ne ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa na farko a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962. A Yuganda kuwa, Benjamin Warf, wanda ya fara aiki a asibitin yara na CURE a Mbale a farkon shekarun 2000, ya gano cewa kimanin 60 cikin 100 na yaran da yake gani ƙwayar cuta ce ta jawo musu taruwar ruwa. Ya kuma lura cewa robar tsiyaya hatsari ce ga yaron da gidansu ke nesa da asibiti. Sai ya haɗa aikin Mixter da na Lespinasse a zama ɗaya, watau huda daɓe da ƙone maɓuɓɓuga. A rahotonsa na 2005, ga jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, haɗin biyun ya yi nasara ga 66 cikin 100, huda kaɗai kuwa 47 cikin 100. A 2017 aka buga sakamakon gwaji kan jarirai 100 a wannan asibiti, aka ga cewa bayan shekara ɗaya babu wani bambanci na a-zo-a-gani a kaifin hankali tsakanin waɗanda aka yi wa aikin madubi da waɗanda aka sa wa roba.

5.0 YADDA AKE AIKIN

Bari mu bi aikin daki-daki.

Mataki na farko shi ne zana taswira. Ana ɗaukar hoton CT ko MRI na kan majinyaci yanka-yanka, kowane yanki kaurinsa kimanin milimita 1. Kwamfuta ta jera su ta gina siffar kan gaba ɗaya, yadda likita zai iya juya ta ya dube ta ta sama, ta gefe, ta gaba.

Mataki na biyu shi ne zaɓen hanya. Likita yakan sa alama a inda yake son isa, da inda zai shiga, kwamfuta ta ja layi tsakaninsu. Yakan bi layin nan a hoto ya ga ko zai ratsa wata jijiyar jini ko wani sashe mai kula da motsi ko tunawa. In haka ne sai ya gusar da mashigar. Wajen hudar daɓen ɗaki na uku, mashigar da aka saba tana gaban tsakiyar kai, kimanin santimita 3 daga layin tsakiya, galibi ta dama, domin daga nan ne madubi ke iya ratsa ƙofar Monro a miƙe ba tare da ya goge gefenta ba. A gefen ƙofar nan akwai wata igiyar jijiya mai alaƙa da tunawa, wadda rauninta kan jawo mantuwa.

Mataki na uku shi ne daidaita taswira da kai, kuma shi ne mafi muhimmanci. Matafiyin da ke riƙe da taswira ba zai amfana da ita ba sai ya gane cewa kukar da yake gani ita ce wadda aka zana. Haka nan, bayan an sa majinyaci barci, likita yakan ɗauki wani ɗan sanda ya taɓa wuraren da aka sani, kamar karan hanci da gefen ido da gaban kunne, ko ya shafa shi bisa goshi da fuska, kwamfuta ta haɗa waɗannan wurare da takwarorinsu na hoto. Sai ya gwada: ya taɓa ƙarshen hanci ya ga ko allo ya nuna ƙarshen hanci. In an yi daidai, kuskuren na'urar ba ya wuce milimita 2 zuwa 3.

Mataki na huɗu shi ne bin sawu, kuma hanyarsa biyu ce. Akwai ta haske, inda idanu biyu na kyamara ke kallon wasu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli da aka maƙala wa madubin da kuma maɗaurin kai. Kamar yadda idanu biyu na mutum ke gane nisa, haka kwamfuta ke lissafa inda bakin madubin yake. Sharaɗinta shi ne kada wani abu ya gitta tsakani, kuma a kafe kan da ƙusoshi, abin da ƙoƙon jariri ba zai jure ba. Akwai kuma ta maganaɗisu, inda ake liƙa ɗan ƙaramin ma'auni a fatar kai, a zura wani cikin madubin. Wannan ba ta bukatar kafe kai, shi ya sa ta fi dacewa da jarirai, sai dai ƙarfe a kusa yakan rikita ta.

Mataki na biyar shi ne shiga. Ana yin 'yar ƙofa a ƙoƙon kai kamar faɗin ƙwandala, ga jariri kuwa ta gefen maɗiga. Likita yana da allo biyu a gabansa: ɗaya yana nuna abin da madubi ke gani, ɗaya yana nuna inda madubin yake a taswira. Ya ratsa babban ɗaki, ya bi ƙofar Monro, ya sauka ɗaki na uku. Daɓen ɗakin ya zama siriri saboda matsin ruwa, kuma 'yan milimita kaɗan a ƙarƙashinsa akwai babbar jijiyar jini mai ciyar da gindin ƙwaƙwalwa, wadda fashewarta kan zama ajali. Sai ya huda gabanta da abu marar kaifi, ya zura ɗan balan-balan ya hura shi har kafar ta kai kimanin milimita 5. In ya ga gefen kafar yana kaɗawa tare da bugun zuciya, to, ruwa ya sami hanya.

6.0 INDA JAGABA KE DA AMFANI DA INDA YA GAZA

In ɗakuna sun faɗaɗa ƙwarai, alamomin cikinsu kuma suna nan yadda aka san su, ƙwararren likita yana iya yin wannan aiki da idonsa kawai. Dubban ayyukan da aka yi a Mbale ba a kan irin wannan na'ura suka dogara ba. Amfanin jagaba yana bayyana ne a wurare huɗu. Na ɗaya, in ɗakunan ƙanana ne, har ana tsoron a zura madubi a kuskure su. Na biyu, in akwai ƙari a bayan ɗaki na uku, ana son a huda daɓe kuma a ɗebo ɗan yankin ƙarin ta ƙofa ɗaya. Na uku, wajen cire ƙarin da ke gindin ƙwaƙwalwa ta hanci, inda manyan jijiyoyin jini biyu da jijiyoyin gani suke kewaye da wurin aiki. Na huɗu, wanda ya fi shafarmu, shi ne kan jaririn da ƙwayar cuta ta ɓata. A irin wannan kai tabo yakan yi shinge-shinge ya raba ɗakuna zuwa aljihuna da yawa, kowanne da ruwansa, ƙofar Monro ta ɓace, ruwan ya yi gurɓi. Likita ya leƙa ya ga farin bango ta ko'ina, bai san wanne ne shinge da za a huda ba, wanne ne naman ƙwaƙwalwa. A nan taswira ce kaɗai za ta gaya masa abin da ke bayan bangon.

Amma jagaba yana da babban rauni guda. Taswirarsa hoton jiya ce. Mutanen da ke zaune bakin Gulbin Zamfara, daga Gummi har Jega, sun san mashigin rani ba shi ne na damina ba. Da zarar an buɗe kai ruwa ya fara fita, ƙwaƙwalwa takan gusa, wani lokaci har fiye da santimita 1, allo kuwa yana nan yana nuna yadda take kafin a taɓa ta. Abin da ya ƙara tsananta matsalar shi ne gushewar ta fi yawa a kan nan mai aljihuna, inda aka fi bukatar jagora. Dabarun da likitoci ke bi su ne su hana ruwa zuba da yawa tun farko, su fara da shinge mafi wuyar ganewa tun taswira tana da gaskiya, su kuma sabunta ta da na'urar hoto ta sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Wasu manyan asibitoci suna da MRI a cikin ɗakin fiɗa, amma tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawan asibitocin duniya. Bayan wannan akwai kuɗin na'urar kanta, da kayan da ake jefarwa bayan kowane aiki, da bukatar wutar lantarki marar yankewa, da injiniyan da zai gyara ta. Likitan da bai san ɗakunan ƙwaƙwalwa da idonsa ba, na'ura ba za ta sanar da shi ba.

7.0 HALIN TAMBUWAL DA KEBBE

Mu ɗauka an haifi jariri a Kuchi cikin ƙasar Kebbe, ko a Sanyinna cikin ƙasar Tambuwal. Ya yi zazzaɓi da jijjiga yana da mako biyu, ya warke. Da ya kai wata uku sai hular da aka saya masa ta daina shiga. Inda za a yi masa aiki shi ne Cibiyar Fiɗar Ƙwaƙwalwa da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi tsaye wajen kafuwarta, wadda kuma ke karɓar majinyata daga jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara har da Jamhuriyar Nijar. Daga garin Tambuwal zuwa can kimanin kilomita 100 ne ta Shagari da Boɗinga. Daga ƙauyukan Kebbe tafiyar ta fi haka nisa, da damina kuma ta fi wuya.

Wannan nisa yana da nasaba da zaɓen magani. Yaron da aka sa wa roba ya ɗaure da asibiti har iyakar rayuwarsa, domin ranar da ta toshe dole a kai shi cikin gaggawa, ko da tsakar dare ne. Yaron da aikin madubi ya karɓe shi ba ya ɗauke da wani baƙon abu a jiki, kuma in aikin zai gaza, galibi yakan gaza ne cikin watanni shida na farko, lokacin da iyaye ke sa ido. Duk da haka ba kowane yaro aikin madubi ke karɓa ba. Ya fi nasara ga wanda ya haura shekara ɗaya mai toshewar magudana, ya fi rauni ga jariri ɗan ƙasa da wata shida wanda ƙwayar cuta ta yi wa tabo. Saboda haka robar tana nan da matsayinta, kuma binciken Warf ya nuna cewa robar Chhabra ta Indiya, mai kimanin dala 35 a lokacin, ta yi aiki daidai da wata ta Amurka mai dala 650.

Game da tushen cutar, yankinmu yana tsakiyar ɗamarar sanƙarau ta Afirka. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000. Sabon nau'in ƙwayar da ake kira C ya fara ɓulla ne a Jihar Sakkwato a 2013, ya kuma haddasa annobar 2017 wadda ta faro daga Zamfara. A bazarar 2025 cutar ta sake tashi a Gwandu da Aliero da Jega, ta taɓa Tambuwal. Duk annobar da ta wuce takan bar yara da kurumta, ko farfaɗiya, ko taruwar ruwa. Ta ɓangaren kariya kuwa an sami ci gaba: a 2013 Jihar Sakkwato ta riga sauran jihohi fara rarraba man kuloheksidin na shafa wa cibiyar jariri, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na sanƙarau.

Abin da ya fi cutar da yaran nan shi ne jinkiri. Kafin a kai su asibiti an sha zagaya, an yi tsaga, an yi turare, kan ya riga ya girma, naman ƙwaƙwalwa ya zama siriri. Fiɗa tana iya tsayar da ɓarna, amma abin da ya riga ya lalace ba duka yake dawowa ba. Ga shi kuwa gane cutar da wuri ba ya bukatar kwamfuta. Tef ɗin tela ya isa. Kewayen kan jariri a ranar haihuwa kimanin santimita 35 ne, yakan ƙaru da kimanin santimita 2 a kowane wata cikin watanni uku na farko, sa'an nan ƙaruwar ta ragu, ya kai wajen 46 a shekara ɗaya. Wanda nasa ya zarce wannan ƙa'ida a awo biyu a jere, a duba shi da na'urar sauti ta maɗiga, wadda ba ta da zafi, ba ta da illa, kuma ba ta kai hoton CT tsada ba.

8.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta nuna cewa madubin leƙe yana ba likita ido a cikin ɗakunan ƙwaƙwalwa, kwamfuta kuma tana gaya masa inda idon yake. Ta nuna cewa amfanin kwamfutar ya fi fitowa a kan da tabo ya ɓata, wanda shi ne irin kan da sanƙarau da ciwon cibiya ke bar mana, kuma a nan ne take bukatar likita mafi ƙwarewa domin taswirarta takan tsufa tun ana cikin aiki. Bisa ga haka ake ba da waɗannan shawarwari, a jere bisa ga wanda ya kamata ya gabata:

(1) A ƙarfafa rigakafin sanƙarau, da tsabtar cibiya, da ba mata ƙwayar folik tun kafin ɗaukar ciki.

(2) A mayar da awon kewayen kai wajibi a duk ranar da aka kawo jariri rigakafi, a rubuta shi a katinsa kamar yadda ake rubuta nauyi.

(3) A horar da ma'aikata a asibitocin Tambuwal da Kebbe kan duba kan jariri da na'urar sauti, a kuma tsara hanyar tura shi Sakkwato ba tare da ɓata lokaci ba.

(4) A ci gaba da horar da likitocin fiɗa kan madubin leƙe, a tanadi na'urar jagora ga babbar cibiya tare da kuɗin kula da ita, a fifita irin ta maganaɗisu saboda jarirai.

(5) Kwalejojin ilmi su sa wannan bayani cikin darasin kiwon lafiya da Hausa, domin malamin firamare da muka yaye shi ne sau da yawa mai ilmin boko mafi kusa da uwar jaririn, kuma maganarsa tana iya sa a kama hanyar asibiti yaro yana da wata uku maimakon shekara guda.

Kalmomin da aka kawo a sashe na 2.0 shawara ce kawai. Ana roƙon masana harshe da likitocin da ke wannan taro su tace su, su gyara wadda ta karkace, domin a sami kalmomin da likita zai yi wa uwa bayani da su kafin ta yarda a taɓa kan ɗanta.